Gargaɗi ga Birnin Tsaba da Kewaye: Kunnuwan 'Ya'yanmu Suna Mutuwa, Na'urar Ji Kuma Ta Fi Ƙarfin Talaka

Jama'ar Birnin Tsaba, da na Zurmi, da na Shinkafi, da na Kaura Namoda, iyayenmu maza da mata, malamai da masu unguwanni, wannan gargaɗi ne, kuma ba na jira ba ne. Duk gidan da yaro ya yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko zazzaɓi mai zafi da ya kai shi ga suma, ya tashi, to a gwada jinsa tun yanzu, kada a bari sai an ga hali. Duk wanda kunnensa ke zubar da mugunya, kada a sake ɗiga masa komai sai abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta bayan ya leƙa kunnen da fitila. Duk wanda aka tallata wa 'yar na'urar saƙalawa a kunne, a kasuwa ne ko a tasha ko ta waya, aka ce da ya sa zai ji, ya riƙe kuɗinsa. Wanda kuma Allah ya ba bakin magana da ɗan majalisa, na jiha ko na tarayya, ya faɗa masa muna son a rubuta na'urar taimakon ji da sunanta a cikin abubuwan da inshorar lafiya ke biya.

Ba mu manta da 2017 ba. A ƙarshen 2016 ne sanƙarau nau'in C ya ɓulla a ƙaramar hukumar Zurmi, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Kafin ya lafa a watan Yunin 2017, an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasar, 1,166 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Kusan rabin waɗanda suka kamu 'yan Zamfara ne, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne cutar ta fi kayarwa. Mun yi jana'iza, mun yi zaman makoki, muka gode wa Allah a kan waɗanda suka tashi. To amma lissafin annoba a kan wanda ya kamu da wanda ya mutu yake tsayawa. Yaron da ya koma gida da mataccen kunne, a cikin waɗanda suka warke ake rubuta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga irin wannan sanƙarau, ɗaya yakan fita da wata nakasa mai ɗorewa, kuma kurumta tana sahun gaba. Waɗancan yaran yanzu samari ne da 'yanmata, wasunsu ma sun yi aure. Suna nan a cikinmu. Wani an ce taurin kai gare shi, wani an ce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, aka cire shi daga makarantar allo da ta boko saboda ba ya riƙe karatu, alhali kuwa karatun ne ba ya isa kunnensa.

Ya kamata kowa ya san yadda abin ke faruwa, don a gane dalilin gaggawar. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe a naɗe, cike da ruwa da wasu ƙananan gasusuwa da ido ba ya gani. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Sanƙarau yakan gangara daga rigar ƙwaƙwalwa ya shiga wannan wuri ya kashe su, kuma in sun mutu ba sa sake tsirowa. Babu allura, babu saiwa, babu ɗigo da ke dawo da su. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, bayan ciwon, wurin yakan fara daskarewa ya koma ƙashi cikin 'yan makonni ko watanni. In ya gama daskarewa, ko tiyatar dashen na'urar da ake yi a manyan asibitoci takan yi wuya ƙwarai. Shi ya sa likitocin kunne ke cewa a gwada jin duk wanda ya yi sanƙarau tun kafin a sallame shi, ko cikin wata guda da samun sauƙi. Mu kuwa a nan, da zazzaɓi ya sauka wuya ya saki, sai a naɗe tabarma a kama hanyar gida.

Kuma lokacin cutar yana zagayowa kowace shekara, daga hunturu har zuwa zafin bazara. Yau ma haɗarin ya fi na da, domin rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka ya zuba su a garuruwan Zurmi da Shinkafi da Kaura, ɗaki ɗaya mutum goma, ba iska, ba wurin juyawa. A cikin cunkoso irin wannan sanƙarau da ƙyanda ke yaɗuwa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai suna Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'o'in sanƙarau biyar har da C ɗin da ya yi mana ɓarna. In masu rigakafi suka zo, na sanƙarau ne ko na ƙyanda, don Allah a fito da yara.

Akwai abin da ya sa maganar kunne ta fi nauyi a arewacin Zamfara fiye da wasu wurare, kuma kowa ya san shi. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wani wuri karin magana ce, a wurinmu kuwa zahiri ce. Da kunne manomi ke jin rugugin babura tun suna nesa ya bar gona. Da kunne uwa ke jin harbin farko cikin dare ta sungumi goyonta. Da kunne matafiyi ke jin jami'in tsaro ya ce tsaya a shingen bincike, kuma mun san abin da ka iya biyo baya in an ce tsaya mutum ya ci gaba da tafiya. Dattijon da kunnensa ya yi nauyi, da yarinyar da sanƙarau ya kurmantar, su ne na ƙarshe da ke sanin gari ya tashi. Saboda haka, tun kafin a zo maganar doka da kuɗi, kowane gida ya ware mutum takamaimai wanda alhakin tayar da mai nauyin ji ke wuyansa in an shiga gudu, a kuma yi yarjejeniya a kan wata alama ta hannu ko ta tocila da kowa a gidan ya sani. Matashin da ba ya ji kada a bar shi ya bi hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi shi kaɗai.

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa kusa da jariri, ku za ku fara gani. Jaririn da aka bugo ƙofa da ƙarfi bai firgita ba, a sa ido. Ɗan wata shida da ba ya waiwayowa in an kira shi ta baya, a sa ido. Ɗan shekara guda da ba ya gwalantun baba da mama, ko ya fara ya daina, da ɗan shekara biyu da bai haɗa kalma biyu ba, kada a ce nauyin baki ne irin na dangin ubansa. Wataƙila hakan ne, wataƙila kuma ba ya ji ne, kuma gwaji ne kaɗai zai raba gardama. In za a gwada a gida, a tsaya bayan yaro inda ba ya ganin inuwar mutum, a kira shi da murya ta yau da kullum, kada a buga ƙafa a ƙasa, domin kurma yana jin girgizar ƙasa a jikinsa ya waiwayo, a zaci ya ji. Jaririn da ya yi shawara har idonsa ya yi ɗorawa, da wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, da bakwaini, duk suna cikin waɗanda ya kamata a kai gwaji ko da ba a ga alamar komai ba. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce a duba jin jariri cikin watan farko, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Dalili kuwa shi ne yaro da kunne yake koyon magana, kuma shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓa. Wanda aka sa wa na'ura yana goye zai iya tashi yana magana kamar kowa. Wanda aka bari sai ya shekara bakwai, ko an sa masa zai ji ƙara, amma mayar da ƙarar nan magana zai zame masa aiki ja.

Wani kason ɓarnar kuma da hannunmu muke yin sa, kuma dole a faɗa. Ciwon kunne mai ruwa ya zama ruwan dare ga yaranmu har an daina ɗaukarsa ciwo. Sai a ɗiga man gyaɗa mai ɗumi, ko ruwan ganye, ko turare, ko a toshe da auduga a bari. Kunnen da ke zubar da mugunya, galibi dodonsa ya riga ya huje, duk abin da aka zuba kai tsaye yake wucewa ciki. Ciwon da maganin 'yan kwanaki zai kashe, sai ya shekara yana cin ƙananan ƙasusuwan ji, wani lokaci ma ya haura ƙwaƙwalwa. Haka sakace kunne da tsinken ashana ko gashin kaza ko murfin biro: dauɗar ciki take ƙara turawa, in hannu ya goce kuma a huda dodon kunne. Mari ma haka. Malam, Allah gafarta, da kai uba, da ke uwa, tafin hannu ɗaya a kan kunne ya isa ya fasa dodon kunnen yaro. Sai allurar kemis. Akwai magunguna irin su gentamicin da streptomycin da kinin, waɗanda a hannun likita masu ceton rai ne, domin shi ya san awo da adadin kwanaki. A hannun mai shagon da ke yi wa kowane zazzaɓi allura iri ɗaya kuwa, suna iya kashe ji har abada. Wanda ake yi wa allura ya fara jin kunnensa na shuu ko jiri na ɗibarsa, ya koma asibiti ranar.

Ƙara ma tana kashe kunne, sai dai a hankali take yi, shi ya sa ba a zarginta. Mai injin niƙa da ke wuni a kan inji, da mai walda, da yaron da ke kwana kusa da janareto, da wanda ke tsayawa gindin lasifika a wurin biki ko wa'azi, da matasan da ke cusa abin sauraro a kunne su ƙure ƙarar waya. Ma'aunin da masana suka sa shi ne desibel 85 na awa 8 a wurin aiki, kuma injin niƙa yakan wuce nan. Hanya mai sauƙi ta ganewa: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to wurin yana cin kunnenka. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ko bayan ƙarar bindiga ko fashewar wani abu a kusa da shi, ya nemi asibiti cikin kwanakin farko. Irin wannan akwai wanda ake cetowa in an yi sauri, in an yi makonni kuwa da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumtar yara abu ne da za a iya hanawa.

Yanzu ga maganar 'yar na'urar kasuwa. Abin da ake sayarwa a tire ko a tallata a Facebook da araha, mafi yawansa ƙaramar lasifika ce kawai. Komai take ƙarawa baki ɗaya, muryar mutum da kukan akuya da ƙarar babur, ba ta san wane sauti kunnenka ya rasa ba, da yawansu kuma ba su da abin da ke tsayar da ƙara in ta wuce kima. Mutum yana da ɗan ragowar ji, sai ya sa ta ya ƙarasa shi da kuɗinsa. Na'urar gaskiya daban take. Sai an fara leƙa kunne, domin wani toshewar dauɗa ce kawai, a wanke a sallame shi, wani kuma magani ko tiyata yake buƙata. Sannan a yi gwajin ji a ga wane sauti ne ya ɓace kuma har zuwa ina, a saita na'urar daidai da sakamakon. Kamar tabarau ne na likita: na wani ba ya yi wa wani. Shi ya sa aron na'urar maƙwabci ko gadon ta mamaci ba tare da an sake saita ta ba bai da amfani. Ga yaro kuma abin ya fi haɗari, domin ramin kunnensa ƙarami ne, ƙarar takan fi ƙarfi a ciki, shi kuma ba zai iya cewa ta yi yawa ba. Masu na'ura kuma su yi hattara da 'yan batiran nan masu kama da maɓalli. In yaro ya haɗiye ɗaya yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi, a garzaya da shi asibiti nan take.

To me ya sa mutane ke sayen ta kasuwa? Ba wauta ba ce. Ta gaskiyar ce ta fi ƙarfinsu. Daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayo ta, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Na'ura ɗaya mai inganci ɗaruruwan dubban naira ce, wata ta haura miliyan, mutane da yawa kuma biyu suke buƙata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, manomin da aka hana shiga gonarsa kuwa ko wannan ba ya da shi. Dashen na'ura a cikin kunne kuwa maganar miliyoyi ce masu yawa. Ba a nan kuɗin ya tsaya ba. Akwai batir da ke ƙarewa cikin kwanaki, akwai ɗan robar da ake ƙerawa daidai ramin kunne wanda dole a riƙa sauya wa yaro yana girma, akwai gyara, domin ƙurar hunturu da gumin bazara ba sa barin na'ura lafiya. Ga kuɗin mota. Mutumin Birnin Tsaba sai ya fito Kaura, ya ƙara kusan kilomita 60 zuwa Gusau, inda Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke. In abin ya fi ƙarfin nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Ga kuma rashin tsaron hanyoyin da muka sani. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan Afirka a 2024 ya ce mutum miliyan 33 ne na'urar za ta amfana a yankin, amma kusan kashi 10 cikin ɗari ne kaɗai ke samu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne dokokin da za a tsaya a kansu suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. A ranar 19 ga Mayu, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, masu nakasa da matalauta. A lokacin an ce talakawa miliyan 83 ake nufi. A jiha kuma muna da hukumar taimakekeniyar lafiya, ZAMCHEMA. Sai dai doka tana faɗin wanda za a taimaka ne, abin da za a biya masa kuwa a wani jeri daban ake rubuta shi, kuma a nan gizo ke saƙar. A aikace, mai neman na'urar ji a Najeriya daga aljihunsa yake biya, kamfanonin inshora da yawa ma a jerin abubuwan da ba sa ɗauka suke sa ta. Kurma yana cikin masu rauni a takarda, amma abu ɗaya da ya fi buƙata ba ya samunsa da katin.

Kada a zaci abin zai gyara kansa da lokaci. A Amurka, shirin inshorar tsofaffi na Medicare da aka kafa a 1965 ya cire na'urar ji daga abubuwan da yake biya, kuma wajen shekara sittin ke nan ana kai ruwa rana ba a mayar da ita ba. Abin da aka bari a waje ranar rubuta doka, shigar da shi daga baya wahala gare shi. Da tsada ta ishe su, sai majalisarsu ta yi doka a 2017, ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2022, ta ba da damar sayar da wasu na'urori a kanti ba tare da takardar likita ba. Amma a lura da sharuɗɗan: na manya ne 'yan shekara 18 zuwa sama masu ƙaramar matsala ko matsakaiciya, ban da yara, kuma hukuma ta kayyade iyakar ƙarar da na'urar za ta fitar. Wato ko a can ba a saki kasuwa sakaka ba. A Ingila kuwa tun 1948 hukumar lafiyarsu ke ba da na'urar aro kyauta, har da batir da gyara, kuma abin da ke sauƙaƙa musu shi ne gwamnati ke saye da yawa a lokaci guda, farashi ya faɗo. Wannan dabara ba ta fi ƙarfin jiha ba.

Don haka ga abin da muke nema, kuma muna nemansa da murya ɗaya. Mai girma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. Ranka ya daɗe, a sa kunne a cikinta. Manyan asibitocin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi kowanne ya samu na'urar gwajin ji, wadda yanzu akwai ta ɗauka a hannu, da ma'aikaci aƙalla ɗaya da aka horar a kanta, a kuma sa doka cewa ba a sallamar yaron da ya yi sanƙarau ko jaririn da ya yi shawara mai tsanani sai an gwada shi kyauta. Ba sai an jira likitan kunne ya tare a Zurmi ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 don ƙasashe irin namu ta nuna cewa ma'aikacin lafiya na gari, in ya samu horo da kulawar ƙwararre, zai iya gwadawa ya kuma saita wa manya na'ura, a tura masu wuyar gaba.

'Yan majalisar jiha masu wakiltar waɗannan ƙananan hukumomi, ku ne wuƙa da nama a kan dokar ZAMCHEMA. A gyara ta, a rubuta a fili cewa ana biyan gwajin ji, da na'ura, da robar kunne, da batir, da gyara. In aka rubuta na'ura kawai aka manta da batir, bayan wata biyu a ƙasan akwati za a same ta, kamar yadda kayan rabon da ake yi gaban kyamara kan ƙare. In kuɗi ba za su kai kowa a shekarar farko ba, a fara da yara da 'yan makaranta, sannan tsofaffi, domin sama da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka haura shekara 60 suna fama da nauyin ji mai hana mu'amala. Dattijon da ya daina zuwa majalisar ƙofar gida, ya daina amsa sallama, sau da yawa ba miskilanci ba ne, kunya ce ta yawan cewa na'am me ka ce. A sayo mai caji wadda ƙaramar sola za ta iya ɗauka, tunda mun san halin wutarmu. Sanatan Zamfara ta Arewa, da wakilan mazaɓun Shinkafi da Zurmi da na Kaura Namoda da Birnin Magaji a Majalisar Wakilai, naku aikin a Abuja yake: a sa na'urar cikin jerin NHIA da na asusun masu rauni, a cire mata duk wani harajin shigowa ita da batiranta, a kuma matsa wa NAFDAC, wadda rajistar kayan asibiti ke hannunta, ta bi masu sayar da lasifika da sunan magani. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ma tana da rawar takawa, domin maraya kurma matalauci ya cika sharuɗɗan mai karɓa.

Na san za a ce ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta kunne? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ƙarin abin da bai kai dala 1.40 ba a kan kowane mutum a shekara ya isa a faɗaɗa kula da kunne, kuma kowace dala tana mayar da kusan 16 cikin shekara goma. Yaron da aka ceto jinsa zai yi karatu ya yi sana'a ya riƙe kansa. Wanda aka bari, gidansu ne zai ɗauki nauyinsa, ko a same shi a tasha da takardar bara.

Akwai kuma waɗanda na'ura ba za ta yi musu komai ba, domin jin ya tafi gaba ɗaya. Su ma ba a gama da su ba. Hankalinsu garau yake, kuma Hausawa suna da maganar hannu tun kaka da kakanni, harshe ne cikakke da kurame ke ciniki da hira da wa'azi da shi a Kano da sauran garuruwa. Iyaye da 'yan'uwa su koya, kada a bar yaro a gida ba mai yi masa magana. Akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ta A. A. Raji a Sakkwato da suka yaye kurame masu yawa. A hana yara tsokanarsu da jifansu a unguwa, manya ma su daina kiran mutum da nakasarsa alhali yana da sunan yanka.

Masu martaba sarakunan Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, Allah ya ja zamaninku, umarni ɗaya daga fada ya isa a fara. Limamai su yi shela ranar Juma'a. Kowane mai unguwa ya rubuta sunayen masu matsalar ji a unguwarsa, da shekarunsu, da ciwon da ya jawo in an sani, har da na 'yan gudun hijirar da ke zaune a wurinsa. A kai kwafi ɗaya ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ɗaya ga ɗan majalisar jiha, tun kafin kasafin kuɗi ya shiga majalisa a ƙarshen shekara, domin ɗan majalisar da aka ba sunaye a rubuce ba zai ce bai san da su ba. Waɗanda aka rubuta su je asibitin mazaɓarsu su nemi a yi musu rajistar shirin lafiya na masu rauni. Rubuta suna kyauta ne. Duk wanda ya zo da fom yana karɓar kuɗi wai za a kawo na'ura daga waje, kada a ba shi ko kwabo, a kai maganarsa wurin hakimi.